Tarwaɗar Ƙawa: A San Iyakar Girmanta Kafin A Saya

Manomi ya san tarwaɗa a wuri biyu, watau cikin kogi da cikin tukunya. Tun da kiwon kifi ya yaɗu sai ya san ta a wuri na uku, cikin kwamin siminti ko na tamfol a bayan gida. To, akwai wuri na huɗu wanda ya fara shigowa manyan garuruwa, shi ne akwatin gilashi da a ke ajiyewa a falo, ko ofis, ko zauren otal, a zuba ruwa da yashi da 'yan kifaye, ba don a ci su ba, sai don a riƙa kallo. A cikin kifayen nan na ƙawa akwai dangin tarwaɗa da yawa. Masana sun ƙidaya irin tarwaɗa fiye da 3,000 a duniya, daga wadda ba ta kai ɗan yatsa ba har wadda ta fi mutum tsawo.

Wani zai ce, me ya haɗa manomi da kifin da ba a ci? Abin da ya haɗa su shi ne kuɗi. Tarwaɗar ci da kilo a ke sayar da ita, kuma kowa ya san buhun abinci ne ke cinye ribarta. Ta ƙawa kuwa da kai a ke sayarwa, abincin da za ta ci a wata bai cika gwangwanin tumatir ba, wurin kiwonta kuma bai fi kusurwar ɗaki ba. A garin Barcelos na ƙasar Birazil, a bakin kogin Negro, tun shekarun 1950 akwai masuntan da su ke ciyar da iyalinsu da kama kifin ƙawa. Saboda haka sana'a ce, kuma ta cancanci ɗan manomi mai haƙuri ya gwada ta da rani. Amma da sharaɗi guda, shi ne kuwa maganar wannan makon: kada a sayi tarwaɗar ƙawa sai wadda aka san iyakar girmanta, aka tabbata za ta rayu ta mutu cikin akwatin gilashi. Wadda za ta fi ƙarfin akwati, ƙarshenta kogi za a kai ta, nan ne kuwa ɓarna ta ke.

MAI SHARA

Daga kanti abin ya ke farawa. Mai saye ya zaɓi jajayen kifayensa, sai mai kanti ya ce masa, "Alhaji, a haɗa da mai shara guda, shi zai riƙa wanke maka gilashi." Sai ya nuna wani ɗan baƙin kifi mai ɗigo-ɗigo, tsawonsa bai fi inci 2 ba, ya manne da baki a jikin gilashi kamar matsattsaku. Wannan shi ne Fileko, tarwaɗa ce ta kogunan Amurka ta Kudu. Gaskiya ne yana ƙanƙarar gansakuka sa'ad da ya ke ƙarami. Amma ba ya cin kashin kifi kamar yadda a ke faɗi, hasali ma ya fi kowa zuba shi. Abin da mai kanti bai faɗa ba kuma shi ne, irin wanda aka fi sayarwa ya kan kai ƙafa guda cikin shekara ɗaya ko biyu, in ya daɗe ya doshi inci 18.

To, ran da ya cika akwati, ya tumɓuke ciyayi, ya dagula ruwa, mai gida sai ya rasa yadda zai yi da shi. Ba ya son ya kashe, don tausayi. Sai ya sa yaro ya ɗauka a bokiti ya juye a kududdufi ko a madatsar ruwa, yana ganin ya yi aikin lada. Kafin ya yi haka, ya kamata ya ji labarin waɗansu ƙasashe.

A ƙasar Meziko akwai babbar madatsar ruwa a kan kogin Balsas, sunanta Infiernillo, wadda dubban masunta su ke cin abinci da karfasar cikinta. A 1995 aka fara ganin Fileko a kogin. Kafin a daɗe sai ya zama in an jawo taru, mafi yawan abin da ke ciki shi ne. Mutanen wurin suka sa masa suna kifin shaiɗan. A ƙasar Filifin ya cika kogin Marikina da tafkin Laguna de Bay, can ma mai shara su ke ce masa, don da wannan sunan aka sayar musu. A Bangaladash ya mamaye kogin Buriganga da ya ratsa birnin Daka, har a 2023 gwamnati ta hana shigo da shi, da kiwonsa, da sayar da shi. Ko a nahiyar Afirka ya riga ya sami wurin zama a kogin Nseleni na Afirka ta Kudu. Duk wuraren nan ta hanyar sana'ar kifin ƙawa ya isa.

Dalilin da ya sa ya ke gagara a bayyane ya ke. Jikinsa sulke ne na ƙashi, ga ƙayoyi, manyan kifaye da tsuntsaye ba su cika iya haɗiye babba ba. Yana haɗiyar iska ya adana a tumbinsa, don haka ruwan da ya ƙazantu har waɗansu kifaye suka mutu, shi yana nan. Yana kwana a waje da ruwa bai mutu ba, in dai akwai laima. Namijin ya kan haƙa rami mai zurfi a gaɓar kogi, macen ta zuba ƙwai ciki, shi ya tsare. In ramukan suka yi yawa sai gaɓa ta zaizaye. Ƙayoyinsa kuma suna yayyaga taru. Mutanen Amazon suna cinsa, gaskiya ne, amma namansa kaɗan ne, a ƙasashen da ya mamaye kuwa masunta sun rasa kasuwarsa.

Baturen Ingila ko na Jamus in ya jefa shi kogi, sanyin hunturunsu zai kashe shi. Nan ba haka ba ne. Ruwan Kainji da Tiga da fadamar Haɗeja zuwa Nguru bai bambanta da na garinsu ba wajen ɗumi. Mai noman rani ya duba magudanar ƙasa da ke kawo masa ruwa, ya ƙiyasta ta da ramuka. Masu cewa ai kifi ɗaya ne, me zai yi, su tuna ba mutum ɗaya mai kanti ya sayar wa ba. Wannan ya saki namiji bana, wancan ya saki mace baɗi, shi ke nan an gama. A jihar Fulorida ta Amurka haka aka yi da wata 'yar uwar tarwaɗar gida, wadda aka kawo daga Tailan don ƙawa. Ta kuɓuce daga wurin masu kiwo cikin shekarun 1960, kafin shekara goma ta watsu a kudancin jihar.

Wanda ya riga ya sayi Fileko ya girma masa, hanya uku ce: ya mayar wa mai kanti, ko ya ba mai babban kwami na siminti wanda ambaliya ba ta kaiwa, ko ya kashe shi ya binne a gindin bishiya ya zama taki. Ban da Fileko, a guji tarwaɗa mai jan wutsiya ta Amazon, da wadda a ke kira Fangasiyos ta kogin Mekong. Dukansu a kan sayar da su kamar ɗan yatsa, dukansu kuma suna wuce ƙafa 3.

WADDA TA DACE

Ta farko ita ce Koridoras. Ita ma daga Amurka ta Kudu ta ke, amma iyakar girman wadda aka saba kiwo inci 2 da rabi ne zuwa 3. Gajera ce mai ƙiba, da ɗan gashin baki, da sulke layi biyu a kowane gefe. Ba ta faɗa da kowa. Irinta sun fi 150, har a 2024 masana suka sake rarraba su gida-gida da sababbin sunaye, amma 'yan kasuwa suna nan a kan tsohon sunan. Tsohuwar hannu ce a wannan sana'a. Wani irinta mai ɗigo, Charles Darwin ne ya kamo shi cikin tafiyarsa ta shekarun 1830, wani Bafaranshe kuma, Pierre Carbonnier, ya sa shi ya hayayyafa a birnin Faris a 1878.

Tana da wata baiwa da ta dace da wurin da lantarki ba ya zama. Mai kallo zai ga lokaci-lokaci ta taso da gudu ta cafki iska a saman ruwa ta koma. Iskar nan hanjinta ne ke tsotse ta. Don haka in an ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, ba ta saurin galabaita kamar sauran kifaye. Amma in aka ga tana tasowa a kai a kai ba hutawa, ruwan ne ya lalace, a canja shi.

Akwati mai tsawon ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1, yana cin ruwa wajen lita 55, watau jarka biyu da 'yan kai. Ya isa Koridoras 6. Kada a sayi ɗaya ko biyu, don kifin garke ne kamar tumaki, in ta kaɗaita sai ta laɓe ta ƙi cin abinci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka teburin da za a ɗora akwatin ya zama mai ƙwari, ya kuma daidaita. A shimfiɗa yashin kogi mai laushi wanda aka wanke sarai, kaurinsa kada ya wuce rabin inci. Ban da tsakuwa mai kaifi. Wannan kifi da gashin baki ya ke laluben abinci cikin yashi, in tsakuwa da ƙazanta suka cinye gashin, to, ya zama makaho ba sanda.

Babban kuskuren sabon mai kiwo shi ne gaggawa: ya sayi akwati da safe, ya cika shi da kifi da yamma, bayan mako guda ya kwashe gawa, ya ce an sayar masa da marasa lafiya. Ga abin da ya faru. Kifi yana fitar da amoniya, watau abin nan mai yaji da a ke ji a ɗakin kaji in an daɗe ba a share ba. Guba ce gare shi. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin waɗanda ke narka taki a gona, su ne ke juya amoniya ta zama wani gishiri, waɗansu kuma su sake juya wannan ya zama mai sauƙin illa. A sabon akwati babu su. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a jikin soson tace ruwa. Saboda haka a haɗa akwati, a sa soso da famfon iska, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan yana ruɓewa, a jira. Wanda ya ke da abokin kiwo ya roƙi tsohon soso, wannan zai rage masa jira. Soson nan kuma in ya toshe, da ruwan akwatin za a matse shi a bokiti. In an wanke shi da sabulu ko ruwan famfo an kashe ma'aikatan ke nan.

Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, daga ƙasa inda datti ya kwanta, a cika da sabo. Ruwan famfo yana da kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin da a ke sayarwa don haka. Ruwan rijiya da na burtsatse su ma a bar su su kwana. Wanda aka zuƙe kuwa a ba shi ga alayyafo, yana da taki.

Akwai abin da gidan manomi ya fi kowane gida haɗari a kansa. Maganin ƙwari na kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne. Bokitin da ya taɓa ganin maganin feshi ko takin zamani kada ya kusanci akwati, ko an wanke shi sau goma. A keɓe wa kifi bokitinsa da tiyonsa. In za a fesa maganin sauro a ɗaki, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, kada a buɗe sai warin ya fita. Wanda ya dawo daga feshi a gona kada ya tsoma hannu.

Sa'an nan sai zafi, shi ne babbar gardamar da za a iya yi wa wannan sana'a a ƙasar Hausa, gardama ce kuwa mai ƙarfi. Koridoras ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 22 zuwa 27. A Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana ya kan kai digiri 40, ruwan akwati kuma yana bin zafin ɗaki. Ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa ta ke yi. Ɗakin kwano marar silin ba wurin wannan kifi ba ne. A nemi ɗakin ƙasa ko soro, a ajiye akwatin ƙasa-ƙasa, nesa da taga. Ɗan fanka mai aiki da sola in yana kaɗa saman ruwa ya kan rage digiri 2 ko 3. A sayi ma'aunin zafi tun kafin a sayi kifi, a gwada ɗakin cikin bazara. In ruwa yana wuce digiri 30 kullum, a haƙura da Koridoras. A zaɓi iri kuma: mai ruwan tagulla, da farar zabiyarta, da wadda a ke kira Sterbai mai jajayen fukafukai, sun fi jure ɗumi. Ta Darwin mai ɗigo daga kudu ta fito, wajen Ajantina da Yurugwai, sanyi ta ke so, sai mutanen Jos da Mambila.

YADDA TA KE HAIHUWA

Nan ne daɗin abin ya ke, nan ne kuma kuɗin. Koridoras ta kan isa haihuwa tana da wata 8 zuwa shekara. In an leƙa ta sama, macen ta fi girma, cikinta ya fi faɗi, namijin siriri ne. A haɗa maza biyu ga kowace mace. A yi mako biyu ana ba su abinci mai rai, kamar tana da aka yayyanka ƙanana da gara, tare da abincin kanti mai nutsewa. Abin da ba su cinye ba a kwashe shi.

A garinsu da faɗuwar damina su ke haihuwa, sa'ad da ruwan sama mai sanyi ya malalo cikin rafi. To, mai kiwo sai ya yi musu damina ta ƙarya. Da yamma ya zuƙe rabin ruwan akwatin, ya cika da wanda ya fi shi sanyi da digiri 3 ko 4, ya ƙara ƙarfin iska. Bature da ƙanƙara ya ke sanyaya nasa. Bahaushe yana da randa, ruwanta kuwa daidai ya ke da wannan aiki. In ba su yi ba a maimaita gobe, da jibi. Ran da hadari ya haɗu abin ya fi kamawa, saboda haka damina ce lokacin da ya fi, sai kuma ƙarshen hunturu.

Da asuba za a ga maza suna bin mace ko'ina. Can sai namiji ya gicciya a gabanta, ta kafa baki a gefen cikinsa. A 1995 waɗansu masana na Japan suka nuna cewa macen shanye ruwan namijin ta ke yi, ya bi ta hanjinta da sauri ya fito daidai inda ƙwai ya ke. Ikon Allah ke nan. Ita kuwa ta riga ta haɗa fukafukanta biyu na ciki kamar aljihu, ta saki ƙwai 2 zuwa 4 a ciki. Sai ta tafi ta goge wani wuri a jikin gilashi ko ganye, ta manna su, ta dawo a sake. Haka za su yi ta yi sa'o'i, har mace guda ta manna ƙwai 100 ko fiye.

Iyayen ba su reno, cin ƙwan ma su ke yi. Don haka ko a kwashe iyaye, ko a kwashe ƙwai. Bayan sa'a guda ƙwan ya yi ƙwari, ana iya mirgino shi da ɗan yatsa ko a ɗebo da reza a hankali, a sa a wata roba mai tsabta da ruwan akwatin, da iska kaɗan. Wanda ya yi fari fat ya mutu, a tsince shi kafin furfurarsa ta kama na kusa. Cikin kwana 3 zuwa 5 za su ƙyanƙyashe. Kwana biyu ko uku na farko ba su bukatar abinci, suna shan gwaiduwar da ke cikinsu. Daga nan sai a ba su Atimiya, watau 'yan ƙwarin ruwan gishirin nan da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa su ke ba 'ya'yansu, sa'an nan garin abincin kifi mai laushi, kaɗan-kaɗan sau uku a yini. Kullum a zuƙe dattin ƙasa a ƙara sabon ruwa. Yawancin 'ya'yan da ke mutuwa ƙazantar ƙasan roba ce ke kashe su, ba yunwa ba. A wata 3 sun kai inci guda, sun isa kasuwa.

Wanda ya ke son mai ƙanƙarar gansakuka na gaskiya, akwai ƙanin Fileko da a ke kira Ansistirus, iyakarsa inci 5 ko 6. Ana gane namiji da wani geza-geza da ke tsiro masa a hanci. Kokwamba da kabewa da alayyafo da aka ɗan tafasa su ne abincinsa, a kuma sa masa guntun itacen da ya daɗe cikin ruwa ya riƙa gwaguya. A kogo ya ke haihuwa. Maginiyar tukwane za ta iya gina shi: ɗan bututun yumɓu mai tsawon inci 6, baki ɗaya a toshe, a gasa. Macen ta shiga ta manna ƙwai ja-ja, namijin ya kore ta, ya zauna yana fifita su da fukafukai har su ƙyanƙyashe wajen kwana 5, ba ya ko fita cin abinci sosai. Amma mai saye ya lura, suna ƙanana shi da Fileko sun yi kama ƙwarai. In mai kanti ya kasa nuna iyayen, a bar masa kayansa. Ƙanƙantarsu kuma ba ta halatta a sake su a rafi ba, baƙo baƙo ne.

ƘURUNGU

Abin mamaki, kifin da masunta su ke tsaki in ya maƙale a taru, shi a ke ba wuri na musamman a kantunan Turai. Ƙurungu ke nan, wanda masana ke kira Sinodontis. Dangi ne babba, iri fiye da 100, duk a Afirka. Akwai wani mai dogon fiffiken baya kamar tuta, da zane kamar saƙar tsuma sa'ad da ya ke ƙarami, wanda a ke samu a kogin Kwara da tafkin Chadi da kogin Bolta da Farin Nilu. Yana cikin waɗanda aka fi sayarwa a duniya. Akwai kuma mai iyo a rigingine, cikinsa baƙi, bayansa fari-fari, wanda mutanen Masar na dā suka zana a bangon kaburburansu. Kukan nan da ƙurungu ke yi in an kama shi, ƙayar gefensa ce ya ke gogawa a gurbinta.

Ga ɗan ƙasa, ƙurungu ya fi kowace baƙuwar tarwaɗa sauƙin riƙo. Bazara ba ta dame shi ba, ba ya zaɓen abinci, in ma ya koma kogin da aka kamo shi gida ya koma. Sai dai shi ma a san girmansa. Mai tutar nan ya kan kai inci 8 zuwa ƙafa guda, yana bukatar akwati mai ƙafa 4, da fasasshiyar tukunya ko biyu don ɓuya, domin da dare ya ke yawo. Waɗansu irin sun fi haka girma, masunta sun san su, a tambaye su. Kada a haɗa shi da kifin da zai shiga bakinsa. Wanda aka kawo daga kogi a keɓe shi mako 3 ko 4 kafin a haɗa da na gida. In farin ɗigo kamar gishiri ya fito masa, a yi hankali da magani, don fatarsa ba ta da ɓawo, rabin awon da a ke ba sauran kifaye ya ishe shi. Wajen kama shi kuwa a yi amfani da kofi ko roba, ban da raga. In ya miƙe ƙayoyinsa uku ya kulle su, sai an yanka ragar, sukarsa kuma tana da raɗaɗi.

Inda ƙurungu ya ke da wuya shi ne haihuwa. Yawancinsu ba su zuba ƙwai a akwati don kansu, sai ambaliyar damina. Akwai dai wani na tafkin Tanganyika mai wayon tsiya, wanda wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, ya bayyana halinsa a 1986. Ya kan lallaɓo sa'ad da wata 'yar uwar karfasa ta ke zuba ƙwai, ya watsa nasa a ciki. Ita kuwa ta kwashe duka a baki don reno, kamar yadda karfasa ke yi. Nasa su riga ƙyanƙyashewa, su cinye 'ya'yan mai gida tun a cikin bakinta. Wannan a kan hayayyafa shi a akwati in an haɗa shi da irin waɗannan kifaye.

Sauran kuwa, masu kiwo a gabashin Turai da Asiya da allura su ke sa su ƙwai. Allurar nan ba baƙuwa ba ce ga masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Nijeriya, irinta su ke yi wa uwar tarwaɗa su tatsi ƙwai. Ga kifin a kogi, ga hannun da ya iya aikin, amma kasuwar tana hannun waɗansu. Mai ƙyanƙyasa da ke da kwami na banza ya kamata ya ware uwaye kaɗan ya gwada da damina, ya nemi shawarar Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabon Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968. Abu guda zai kiyaye, kada ya barbara iri da wani iri, kamar yadda a ke haɗa tarwaɗa da ramboshi. Masu allurar ƙasashen waje sun cika kasuwa da ruwa-biyu, masu sayen da suka san kifi kuwa tsantsa su ke nema.

Kasuwar cikin gida ba ta da faɗi tukuna, saboda haka kada kowa ya sayar da sansa na huɗa don akwatin gilashi. A fara da akwati biyu, ɗaya na iyaye, ɗaya na 'ya'ya. Tun ƙwai bai fashe ba a je a yi magana da masu kantin kifi a gari mafi kusa, a ji irin da su ke so da girman da su ke karɓa. In za a kai musu, a hana kifin abinci yini guda, a sa kaɗan-kaɗan a leda biyu a haɗe saboda ƙaya, ruwa kashi ɗaya, iska kashi biyu, a tafi da sassafe. Mai sha'awar aikawa waje kuwa ya sani, dokar kamun kifi na cikin ƙasa ta 1992 ta hana fitar da kifi mai rai daga Nijeriya, ko shigo da shi, sai da izinin Minista.